Bayan Lamidi Ya Farka

Akwai maganar da na kusa shekara arba'in ina haɗiyewa, yau zan amayar muku da ita. Abu ɗaya nake roƙo, kada wanda ya yanke mini hukunci sai ya ji yadda aka yi. In kun ji kuka ga na ci zagi, ku zage ni, na ɗauka.

Sunana Hajo, 'yar Malam Buba manomi, haifaffiyar Funtua. A shekarar 1986 ina da shekara ashirin da biyu, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare da ke bayan tasha. Mai nemana da aure shi ne Lamidi, ɗan Iya Sekinat mai sayar da atamfa a babbar kasuwa. Iyayensa Yarbawa ne, amma shi a Funtua aka binne cibiyarsa, kuma in yana zuba Hausa sai ya ƙure ni da karin magana. Aminin yayana Hussaini ne tun suna makarantar allo. A akushi ɗaya suke cin tuwo a zauren gidanmu, ni ce ma mai kai musu ruwan wanke hannu.

Yaya Hussaini ya rasu shekara biyu kafin lokacin da nake ba ku labari, kuma a cikin motar Lamidi ya rasu.

Lamidi direban babbar mota ne a lokacin. Ya ɗauko masara daga Gozaki, ya biyo ta Malumfashi, can ya tarar da Yaya Hussaini, wanda malamin gona ne, yana neman motar gida. Da rana tsaka, a miƙaƙƙen titi kafin a kai Bakori, motar ta bar hanya ta daki wata ɗorawa ta ɓangaren da Yaya yake zaune. Waɗanda suka isa wurin sun ga tayar gaba a fashe, sai kowa ya ce taya ce. Lamidi ya karye a hannu, goshinsa ya tsage, ya ce shi bai tuna komai ba tun fitowarsu Malumfashi. Da hannunsa ɗaya mai lafiya ya kama makara har maƙabarta. Daga ranar bai sake taɓa sitiyari ba, ya koma zaman rumfar mahaifiyarsa yana auna yadi.

Baba ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa. Ranar da magabatansa suka zo neman izini, Baba ya yi hawaye a gabansu, ya ce, "Allah ya karɓi ɗaya ya bar mini ɗaya." Ni kuwa, ba sai na ɓoye muku ba, tun ina 'yar sakandare nake gane tafiyarsa daga cikin gida.

To amma Lamidin da yake zuwa zance wurina ba shi ne wanda na sani ba.

Ya yi ƙiba, wuyansa ya cika har maɓallin kaftani ba ya haɗuwa. Idanunsa kullum jajur, kullum yana dafe da kai, musamman da safe. Mutumin da a da yake lissafo maka duk ƙauyukan da ke tsakanin Funtua da Legas bai tsallake ko ɗaya ba, sai ga shi yana tambayata abu ɗaya sau uku a zama guda. Ya taɓa kawo mini turare ranar Juma'a, ranar Lahadi ya dawo yana ba ni haƙuri wai ya manta bai sayo mini turaren da ya yi alkawari ba. Na yi dariya, na shiga ɗaki na yi kuka.

Wata Asabar da la'asar ce na fara ganin abin da idona. Na sha kwalliya da wata atamfa mai ganyen rogo da Iya Sekinat ta aiko mini, na yafa farin gyale, na kai masa zoɓo a kwanon sha mai murfi. Yana zaune a kan tabarma ya jingina da bangon zaure, yana ba ni labarin ɗakin da yake gyarawa.

"Malama, silin ɗin nan fa na ce a yi masa shuɗin fenti, don na san ke..."

Shiru. Na ɗaga kai, sai na ga haɓarsa ta sauka a ƙirji. Minshari ya fara, irin mai ƙarfin nan da har murfin kwanon yana rawa. Na ji kunya, na leƙa waje kada wani ya ji. Ina cikin haka sai minsharin ya yanke ɗif.

Jama'a, ban taɓa jin shiru mai ban tsoro irin wannan ba. Ƙirjinsa yana ɗagawa yana sauka kamar mai kokawa, amma babu iskar da ke shiga, babu mai fita. Ban san lokacin da na fara ƙirge a zuciyata ba, irin yadda nake koya wa yara. Goma. Ashirin. Leɓɓansa suka fara duhu. Na kai talatin da huɗu, na buɗe baki zan yi ihu, sai ya fizgo numfashi da wani irin gurnani, kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Ya buɗe ido ya dube ni.

"Me nake cewa?"

"Fenti," na ce.

"Wane fenti?"

Ashe Gwaggo, yayar Baba da ke zaune a gidanmu tun rasuwar mijinta, tana tsaye a bakin ƙofar cikin gida da buta a hannu, ta ga komai.

Da magariba ta tare Baba a tsakar gida, ko tuwonsa bai buɗe ba.

"Buba, yau na ga abin da ake faɗi da idona. Yaron nan mutuwa yake yi yana dawowa. A gabana aka shaƙe shi."

"Wa ya shaƙe shi, Yaya?"

"Kai ma ka sani. Wanda suka tafi tare ya dawo shi kaɗai."

Inna tana kwashe tuwo, sai na ga marar ta tsaya a hannunta. Baba ya ce, "A'uzubillahi. Mamaci ba ya dawowa. Kada ki ƙara ɗora wa yarona wannan."

"To ko ma mene ne, ba za a kai mini 'ya ɗakin da za ta kwana tana gadin gawa ba. Ke Hajo, buɗe kunnenki. Mazan duniya ba su ƙare ba. Kina da iliminki, kina da aikinki. So ba hauka ba ne."

"Gwaggo, gajiya ce kawai."

"Gajiyar me? Auna yadi?"

Baba ya ce shi ya riga ya ba da, ba ya mayar da magana. Gwaggo ta ce in dai tana raye sai an sake shawara. Haka gidan ya rabu biyu a kaina. Ɗakin Yaya Hussaini yana nan a kulle kusa da zaure, hularsa ta malaman gona tana rataye a ƙusa, ana hango ta ta tagar. Duk wucewar da zan yi sai na kau da kai. Ni da nake koya wa yara cewa babu fatalwa, sai ga ni ina sauri in na zo daidai ƙofar. Na fara mafarkinsa yana tsaye a bakin titi da jakarsa, yana ɗaga wa mota hannu, ina ta kiransa kada ya shiga, muryata ba ta fita.

Ba a zauna ba. Iya Sekinat ta karɓo rubutu, ta karɓo hayaƙi, aka yi saukar Alƙur'ani. Wani ya ce beli ne, aka kira wanzami ya cire masa, ya kwana uku yana tofar da jini, minsharin ko gezau.

Wadda Allah ya yi sanadi da ita ita ce Sista Chinwe, wata nas da ke haya a gidan da ke kallon namu. Takan shigo duk mako ta auna jinin Inna. Wata rana tana fitowa da jakarta ta tarar da Lamidi ya yi barci a zaure, ni kuma ina zaune na zuba masa ido kamar mai jiran hukunci. Za ta wuce ke nan numfashin ya ɗauke. Ta tsaya cak. Ta ɗaga agogon da ke maƙale a ƙirjin rigarta, tana kallon agogo tana kallonsa. Ba ta tashe shi ba. Sai da abin ya faru sau biyar a gabanta, sannan ta jawo hannuna zuwa waje.

"Malama Hajo, kullum haka yake yi?"

"Duk sanda ya yi barci. Sista, an ce wai..."

"Na ji abin da ake cewa. Wannan ba aljani ba ne. Hanyar iska ce take toshewa a maƙogwaronsa in ya yi barci. Na taɓa ganin irinsa sau biyu lokacin da nake aiki a Zariya. Ki duba, in a ɗan zaman nan ya yi sau biyar, a dare ɗaya sau nawa zai yi? Mutumin nan ya yi shekaru bai yi barcin kirki ba. Ta yaya kansa zai riƙe abu?"

Na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. "Yana da magani?"

"Sai likita ya duba. Zan rubuta muku takarda." Ta buɗe jaka tana neman biro, sai ta tambaye ni, ba tare da ta ɗago ba, "Tun yaushe abin ya fara? Kafin haɗarin nan ne, ko bayansa?"

Dutsen da aka sauke ya dawo, ya fi na da nauyi.

"Ban sani ba," na ce.

Ta ɗago ta dube ni. Sannan ta miƙo mini takardar.

Washegari da aka tashi makaranta ban nufi gida ba, na wuce kasuwa. Iya Sekinat tana zaune a tsakiyar atamfofinta, ta ɗaura gwaggwaronta, ta tare ni da murna, ta sa aka kawo mini lemo mai sanyi. Muka taɓa hira, sannan na sako tambayar kamar da wasa.

"Iya, wai shi Yaya Lamidi tun yaushe yake wannan minshari haka?"

Ta yi dariya. "Ah, amaryata, tun yana saurayi! Ƙannensa ba sa yarda su kwana ɗaki ɗaya da shi. Ko lokacin da yake tuƙi, in ya dawo yana cin abinci sai ka ga loma a hannu ya yi barci. Babansa har faɗa yake yi masa, yana cewa wata rana sai ka..."

Ta tsaya. Dariyar ta bushe a fuskarta. Muka kalli juna, ni da ita, a tsakiyar hayaniyar kasuwa. Ta sunkuya ta fara ninke wani yadi da yake a ninke.

"Sha lemonki," ta ce.

Na sha. Na koma gida na ci tuwo tare da Inna a kwano ɗaya, ban ce mata komai ba. Wannan shi ne laifina na farko, ku rubuta shi. Na ce wa zuciyata zato ne, zato kuma zunubi ne. Na ce an ga taya a fashe. Na ce ko an tono, Yaya ba zai dawo ba. Duk dalilin da mai son kansa yake kawowa, na kawo shi.

Baba da kansa ya raka Lamidi asibitin Zariya, tare da wani kawunsa. Da suka dawo Baba ya zauna a tsakar gida yana ba mu labari, yana kwatance da hannu.

"Likitan ya haska masa fitila a baki, ya ce in zo in gani. Wasu tsoka biyu ne a gefe da gefen maƙogwaro, kowace ta kai ƙwan zabo, sun kusa haɗewa. Ya ce ta 'yar kafar da ta rage yake numfashi, in ya kwanta kuma sai ta rufe. Sun kwantar da shi kwana ɗaya suna kallon barcinsa. Ya ce za su yi aiki su cire, kuma dole ya rage jiki."

"Yanka ke nan," in ji Gwaggo. "A wuya."

"Ta baki za su bi, Yaya."

Ni abin da ke cina daban. "Baba, mantuwar fa? Ya ce za ta tafi?"

"Na tambaye shi. Ya ce shi ba zai yi mini alkawarin abin da ba ya hannunsa ba. Barcin rana da ciwon kai, yana sa ran za su ragu. Mantuwa kuwa, wani takan sake shi, wani ta ragu kawai, wani ta zauna. Ya ce sai an gwada."

Ku ji muguntar zuciya. Ina addu'a Allah ya ba shi lafiya, can ƙasan raina kuma wata murya tana cewa, Allah ya sa ya warke amma kada ya tuna.

Aka yi aikin cikin watan Yuli, ruwa yana ta zuba, masara ta kai ƙugu. Bayan kwana tara kawunsa ya kawo mini wasiƙa a makaranta. Har yau tana cikin akwatina, takardar ta yi ja.

"Zuwa ga Malama Hajo. Bayan gaisuwa mai yawa. Ba na iya magana sosai, ko ruwa na haɗiya kamar na haɗiyi reza, koko kawai nake sha. Amma ina so ki fara sani kafin kowa. Jiya na kwanta bayan isha'i, ban san inda nake ba sai kiran asuba. Da na tashi kaina sakayau, har na tsorata, na zaci wani abu ne ya same ni. Na ga koren ganyen da ke bakin taga kamar yau aka halicce shi. Mutumin gadon da ke kusa da ni ya ce ban hana shi barci ba. Ki gaida Baba da Inna, ki gaida Gwaggo ko ba za ta amsa ba. Naki, Lamidi."

Na karanta ta sau bakwai a bayan aji, yara suna ta surutu ban tsawata musu ba.

Da ya dawo sai da na kusa kasa gane shi. Rashin cin abinci ya zabge shi, wuya ya fito, idanu sun yi fari. Ya shiga bin Baba gona da ƙafa kowace safiya don kada jikin ya dawo. Wata guda, wata biyu, sai ga Lamidi yana zama tun la'asar har kiran magariba bai gyangyaɗa ba. Yana karanta jarida daga farko har ƙarshe ya ba Baba labarin abin da ke ciki. Iya Sekinat ta ce ya daina yanka wa mutane yadi biyar a maimakon shida. Ba wai komai ya dawo ba, kada in yi muku ƙarya. Minshari yana nan kaɗan in ya kwanta rigingine, kuma sunayen mutane suna ɓace masa har yanzu, sai ya yi ta kaɗa yatsa yana nema. Amma in ka yi masa magana yana tare da kai. Wata rana ya dube ni ya ce, "Atamfar nan mai ganyen rogo, ita kika sa ranar da na yi miki barci ina maganar fenti." Na rufe fuska da gyale don daɗi.

Gwaggo ta gwada shi da kanta. Ta aike shi kasuwa da saƙo bakwai ba a rubuce ba, ya kawo shida, ya manta daddawa. Ta juya kayan ta ce, "To, ko ni nakan manta daddawa." Daga ranar ta fara tankaɗen garin gara. Baba ya aika wa magabatansa cewa su zo ranar Lahadi ta ƙarshen Oktoba a sa rana.

Kowa yana murna, ni kaɗai na lura da cewa tun da kansa ya washe, dariyarsa take raguwa. Yakan yi shiru a tsakiyar hira, ba shirun barci ba, idonsa a buɗe tar, yana kallon ƙofar ɗakin Yaya Hussaini. Da can ko kallon wajen ba ya yi. Sau biyu aka ce mini an gan shi a maƙabarta da hantsi shi kaɗai. In babbar mota ta wuce ta bakin titi tana huci, sai in ga yatsunsa sun damƙe gefen tabarma.

Ban tambaye shi ba. Laifina na biyu ke nan.

Ranar Asabar, ana gobe sa rana, gidanmu ya cika da ƙamshin soye-soye. Inna da Gwaggo suna tuyar cincin da dubulan, an yi mini kitso, an ƙunsa mini lalle tun safe ya kama jajur. Baba ya tafi gona duba masu karyar masara. Bayan la'asar aka ce ana sallama da ni. Na sa leshi ruwan hoda, na fesa turaren da ya kawo mini, na fita ina taku ɗaiɗai.

Bai zauna a inda ya saba ba. Yana tsugune a tsakiyar zaure, hularsa a hannu.

"Yaya Lamidi, lafiya? Ango da tsugunno?"

"Zauna, Hajo."

Bai taɓa kiran sunana gatsau ba. Na zauna.

"Ba taya ba ce," ya ce.

Na ji ƙarar man da ke tafasa a cikin gida, na ji Gwaggo tana dariya.

"Mun yi azahar a Malumfashi. Muka ci shinkafa da wake a bakin tasha. Da za mu hau mota Hussaini ya dube ni ya ce, Lamidi idonka ya yi ja, mu samu inuwa ka ɗan runtsa. Na ce masa haba, nan da Funtua? Na ce in mun kai gida na yi mai dalili. Ya ce to bari in yi ta yi maka hira. Yana ba ni labarin wani irin masara da suke gwadawa. Ina jin muryarsa, ina jin muryarsa... sai na ji ya ƙwala mini kira. Na buɗe ido na ga mata uku da itace a ka, a gefen titi, mun nufe su gadan-gadan. Hannunsa na gani a kan sitiyari. Shi ya fizge motar, Hajo. Ya fizge ta ta ɓangarensa. Tayar a jikin itacen ta fashe."

Ban yi kuka ba a lokacin. Lallen hannuna kawai nake kallo.

"Yaushe ka tuna?"

"Ban sani ba ko mantawa na yi tun farko. Wallahi ban sani ba. Abin yana nan kamar mutum a bayan labule. Da can in ya motsa, kaina ya yi nauyi, barci ya kwashe ni, in na farka ya wuce. Yanzu ba abin da ke kwashe ni. Ina kwana lafiya, in tashi garau, in gan shi a gabana tun safe har dare. Na koma wurin likitan na tambaye shi ko ciwon nan yana sa mutum barci a kan tuƙi. Ya ce sosai ma. Ya ce ba laifina ba ne, ciwo ne. Amma shi bai ji abin da Hussaini ya ce mini a Malumfashi ba."

"Ƙaddara ce. Kwanansa ne ya ƙare."

"Na yarda. Amma Baba ya shekara biyu yana kirana ɗansa. Shi ya riƙe mini hannu da za a shiga da ni ɗakin aiki. Gobe zai ba ni ke. Ba zan karɓa a kan ƙaryar taya ba."

Nan fa na rikice. Na matsa kusa da shi, abin da ban taɓa yi ba, na rage murya. "Don girman Allah ka rufa mana asiri. Inna tana da hawan jini, kana so ka kashe ta? Gwaggo sai yanzu ta sauko. Ka bari a ɗaura, in ya so daga baya... ko ma ka bar shi har abada. Wa ya sani? Daga ni sai kai sai Iya."

Ya ɗago a hankali.

"Sai Iya?"

Na kama bakina, amma magana zarar bunu ce.

"Hajo, ba ki yi mamaki ba. Tun da na fara magana nake kallonki, ba ki yi mamaki ba. Tun yaushe?"

"Tun kafin a kai ka Zariya," na ce, hawaye suka ɓalle. "Zato kawai na yi. Ban tabbatar ba."

"Wata biyar. Yayanki ne fa."

"Na sani! Kana tsammani ban sani ba? Shi na rasa shi. Kai ma so kake in rasa ka?"

Ya daɗe yana kallona, da idanun nan da suka washe, waɗanda na yi ta roƙon Allah ya washe su. A ranar na so a ce ya gyangyaɗa, ya farka ya tambaye ni me yake cewa.

Sai muka ji ƙarar babur ɗin Baba ya shawo kwana. Na san ƙararsa ko cikin barci. Na kama gefen rigar Lamidi. "Na roƙe ka. Ko zuwa jibi."

Ya zare rigarsa a hankali, ya miƙe tsaye.

Baba ya shigo da sallama yana tura babur, an ɗaure ɗanyar masara a bayansa, wandonsa duk ƙaiƙayi. Fuskarsa fal murna.

"A'a, ango da kansa! Ai da ka bari sai goben, kada a ce ka ƙosa. Ga masara nan sabuwar karya, a gasa maka."

"Baba, ina da magana."

"To, bari in ɗan watsa ruwa."

"Baba, ba za ta jira ba. A kan Hussaini ce."

Murmushin bai tafi gaba ɗaya ba, a hankali ya riƙa janyewa. Baba ya kafe babur ɗin, ya cire hularsa ya kakkaɓe, ya zauna a kan dakalin zaure. Ya dubi Lamidi, sannan ya ce, "Hajo, shiga ciki."

Na yunƙura zan tashi.

"A bar ta, Baba," in ji Lamidi.

Sai a lokacin Baba ya juyo ya dube ni sosai. Ya ga kwallin da ya zubo mini har haɓa. Daga cikin gida Inna tana kira, wai in zo in ɗanɗana dubulan ko sukari ya ji.

Baba bai ɗaga murya ba.

"Hajo," ya ce, "me kika sani game da ɗana wanda ni ban sani ba?"